Talabijin a Manchester, VPN a Kaduna: me ya hana su haɗuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin jinya a Manchester, iyalina suna Kaduna. Kafin in taho ƙanena ya haɗa mini VPN, wato bututun intanet da ke sa a ga kamar daga gida nake shiga, da manhajar WireGuard a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi a gida, don in riƙa kallon DStv ɗin da nake biya ta intanet kamar ina gida. Mun gwada a falo da wayata ya yi aiki, amma tunda na iso nan ya ƙi. Ga kuma talabijin ɗin da na saya, Samsung ce, na duba ko'ina ban ga inda ake sa VPN ba. A gida rauta mai layin 4G muke amfani da ita. Ina mafita?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya taimaka, ya dawo da kai cikin iyali lafiya.

Matsala biyu ka kawo a tambaya ɗaya, kuma wadda ta fi tsaya maka a rai, ta talabijin, ita ce ƙaramar. Babbar tana can Kaduna, a bayan rautar nan ta 4G. Bari in kawar da ƙaramar tukuna.

Ba kai ka kasa gano wurin sa VPN ba, babu shi ne. Talabijin ɗin Samsung a kan tsarin Tizen suke tafiya, na LG a kan webOS, Hisense da yawa a kan VIDAA, kuma babu wanda ke karɓar manhajar VPN a cikinsu. Roku ma haka. Abin da za ka gani a saitin intanet shi ne wurin canza DNS, kuma nan ne mutane ke ruɗewa su ɗauka sun samo. DNS littafin adireshi ne kawai, yana faɗa wa talabijin inda shafi yake, amma ba ya canza inda kai kake fitowa a intanet. Masu karɓar VPN kai tsaye su ne masu Android TV ko Google TV, irin yawancin na Sony da TCL, da sandunan Fire TV masu tsarin Android, sai Apple TV tun daga tvOS 17 da ya fito a 2023.

Don haka kada ka ɓata lokaci kana kokawa da Samsung ɗinka. Ko dai ka sayi ƙaramar sanda ko akwati mai Google TV ka soka a ramin HDMI, VPN ɗin ya zauna a cikinta, ko ka sayi ƙaramar rauta ta matafiya, irin na GL.iNet, ka sa VPN ɗin a cikinta, talabijin ta hau Wi-Fi ɗin wannan rauta. A hanya ta biyu talabijin ba ta ma san akwai wani VPN ba. Ita dai ta samu intanet, kuma duk abin da ta aika rauta ke zura shi a bututu zuwa Kaduna. Ga wanda ke zaune wuri ɗaya kamarka na fi son sanda, saboda wani dalili da zan zo kansa. Ga mai yawo daga otal zuwa otal kuwa rauta ta fi, domin ita za ta iya wuce shafin nan da otal ke tambayar lambar ɗaki, wanda talabijin da sanduna kan rikice a kansa.

To, yanzu Kaduna.

Gwajin da kuka yi a falo bai gwada komai ba, kada ƙanenka ya ji haushi. Wayarka tana kan Wi-Fi ɗin gidan, Raspberry Pi yana kan Wi-Fi ɗin gidan, wato mutum biyu ne a ɗaki ɗaya suka gaisa. Abin da ya kamata a gwada shi ne ko baƙo daga waje zai iya sallama a ji shi. Da kun kashe Wi-Fi na wayar, kun hau datar wani layi dabam, da tun ranar kun ga ya ƙi.

Ga dalili. Kafin wani ya kira na'urar gidanku daga waje, dole gidan ya mallaki adireshin IP na fili, nasa shi kaɗai. Tsohon tsarin adireshi, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 yake da shi, kuma babban rumbunsa na duniya ya ƙare tun 2011. Sai kamfanonin waya suka koma raba adireshi ɗaya ga dimbin kwastomomi, abin da ake kira CGNAT. Ka ɗauke shi kamar babban gidan haya mai zaure ɗaya da lamba ɗaya a ƙofa. Ɗan haya zai iya fita ya aika saƙo, idan amsa ta dawo mai gadi ya san ɗakin da za a kai, domin a gabansa aka fita. Amma baƙon da ya zo haka kawai ya ce yana neman mai gidan, mai gadi zai tambaye shi wanne daga ciki, ya sallame shi. Ƙanenka ya buɗe ƙofa ta 51820 a rautarku, wadda aka saba ba WireGuard, amma ƙofar ɗaki ya buɗe. Zauren na kamfani ne, kuma ba ku da makullinsa. Kusan duk layukan 4G da 5G na gida haka suke. Starlink ma, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a tsarinta na gidaje bayan CGNAT take ajiye mutum ta ɓangaren IPv4. DDNS, irin su DuckDNS da No-IP, ba ya maganin wannan. Aikinsa ya bi adireshin da ke canzawa, ba ya ƙirƙiro maka adireshin da ba ka da shi.

Ba sai an yi ta zato ba, a minti biyar za a tabbatar. Ƙanenka ya shiga shafin rautar, yawanci 192.168.8.1 ne ko 192.168.0.1, ya nemo inda aka rubuta WAN IP ya rubuta lambar a takarda. Sannan ya buɗe kowane shafi mai nuna wa mutum adireshinsa, ya kwatanta. Idan lambobin biyu sun sha bamban, ko ta rautar ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to magana ta ƙare, kuna bayan CGNAT.

Mafita ta farko ita ce a nemi adireshin fili daga kamfani. Masu kawo intanet ta fayiba sukan sayar da shi da ƙarin kuɗi a wata, amma a layin waya na gida kada ka sa rai.

Ta biyu, wadda nake ba yawancin mutane, ita ce Tailscale. Kamfanin Kanada ne da aka kafa a 2019, kuma a kan WireGuard ɗin nan dai ya gina abinsa, sai dai ya ɗauke maka wahalar zaure. Dabarar ita ce na'urorin biyu kowacce ta fita da kanta, ta Kaduna ta fita, ta Manchester ta fita, kamfanin ya gabatar da su ga juna, su ci gaba da magana kai tsaye. Tunda kowa fita ya yi, mai gadi ba shi da ta cewa. Ana sa manhajar a Raspberry Pi, a ayyana shi a matsayin ƙofar fita, abin da manhajar ke kira exit node, sannan a shiga shafin gudanarwa a amince masa, domin ba ya aiki sai an amince. A sandarka ta Manchester ka sa manhajar, ka shiga da asusu ɗaya, ka zaɓi Pi ɗin Kaduna a matsayin ƙofar fita. Shi ke nan. Tsarinsu na kyauta ya ishi gida ɗaya.

Abu biyu kada a manta a nan. Makullin kowace na'ura a Tailscale yana mutuwa bayan kwana 180 idan ba a taɓa saitin ba, don haka a kashe wannan wa'adi ga na'urar gida. Na taɓa haɗa wa wani bawan Allah, komai lafiya wata shida, rannan sai ga kiransa da tsakar dare wai abu ya lalace ana tsakiyar wasa. Babu abin da ya lalace, wa'adi ne ya cika, kuma laifina ne da ban kashe ba. Na biyu, wani lokaci hanyar kai tsaye takan gagara, sai Tailscale ya bi da ku ta na'urorinsa na tsakiya da yake kira DERP. Za a haɗu, amma da nauyi, bai dace da kallon ƙwallo ba. Idan ƙanenka ya buga tailscale status a Pi zai ga ko an rubuta direct ko relay a gaban sunan sandarka. Direct kake so ka gani.

Ta uku ta masu son ƙwaƙulo abu ce, amma ina sonta, domin babu hannun kowa a ciki. A juya alƙiblar kiran. A WireGuard babu uba babu ɗa, ɓangarorin biyu daidai suke, wanda ya san adireshin ɗan'uwansa shi ke fara sallama. Intanet ɗin gidaje a Ingila da yawa yana zuwa da adireshin fili. Idan naka haka yake, sai ka buɗe ƙofar a Manchester, a kan ƙaramar rautarka, Pi ɗin Kaduna ya riƙa kiranka. Da zarar bututu ya tsaya, ruwa yana bi ta kowane ɓangare. A fayil ɗin Pi a sa layin PersistentKeepalive = 25, wato duk daƙiƙa 25 ya ɗan yi gyaran murya don kada mai gadi ya manta da shi ya rufe. A naka ɓangaren a sa AllowedIPs = 0.0.0.0/0, ma'ana komai ya bi ta Kaduna. A Pi kuma a kunna net.ipv4.ip_forward tare da NAT, mai sa saƙo ya fita da adireshin gidan, in ba haka ba saƙonka zai isa gida ya tsaya a tsakar gida bai fita ba. Alamar nasara layi ɗaya ce: idan an buga wg show a ga latest handshake da 'yan daƙiƙoƙi a gabansa. Idan babu wannan layi, ba a gaisa ba, kome manhaja ta nuna maka na koren launi. WireGuard ba ya ƙorafi idan ya kasa, shiru kawai yake yi, kuma wannan shirun ya wahalar da mutane da yawa.

Duk wannan haɗuwa ce kawai. Ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, a saurin turawa na gidanku za a gani, kuma nan ne nake so ka tsaya ka yi lissafi kafin ka sayi ko da waya ɗaya.

Idan kana kallo ta VPN na gida, bidiyon sai ya fara sauka a Kaduna, sannan Kaduna ta tura maka shi Manchester. Kenan lambar da ta dame ka ba wadda kamfani ke talla da ita ba ce, ta saukewa. Ta turawa ce, wadda ba a cika faɗa ba, kuma kusan kullum ita ce ƙarama. Netflix na ba da shawarar megabit 3 a daƙiƙa don hoto mai 720, megabit 5 don 1080, megabit 15 don 4K, kuma wannan ma'auni ya isa a yi kwatance da shi ga sauran. Ƙwallo ta fi fim buƙata, saboda kyamara ba ta tsayawa. Ni idan ban ga gida yana tura megabit 8 zuwa 10 ba tare da tangarɗa ba, ba na yi wa mutum alƙawarin 1080. Kuma a auna a lokacin da za a yi kallon. Layin 4G da ke gudu da asuba ba shi ne na ƙarfe tara na dare ba, lokacin da duk unguwa ta hau TikTok a kan turke ɗaya.

Sai data. Megabit 5 a daƙiƙa ya kama gigabayit 2.25 a awa. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci da sharhi, ka ce awa biyu, gigabayit 4.5. Amma a Kaduna sau biyu za a ci: 4.5 na saukewa, 4.5 na turawa, tunda layukan waya duka biyun suke cirewa. Gigabayit 9 kenan a wasa ɗaya. Wasa ashirin a wata, gigabayit 180, ban da abin da uwargida da yara ke amfani da shi. Kuma a daidai lokacin da kake kallo, kiran bidiyo na gidan zai riƙa sarƙewa, domin ka cinye hanyar fita. Na ga gidan da wannan ya zama abin faɗa, maigida yana Turai yana murnar ci, a gida ana cewa data ba ta kai mako biyu.

Nisa kuwa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Saƙo zai bi ta Legas ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, jinkirin bai kai rabin daƙiƙa ba. Ga kallo wannan ba komai ba ne, manhaja tana tara 'yan daƙiƙoƙi a gaba. Sai dai ranar da aka samu irin abin da ya faru a 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka yanke a gaɓar Kwaddebuwa, to ranar sai haƙuri.

Wuta ita ce abokiyar gaba ta gaske. VPN ɗinka yana raye ne muddin rauta da Pi suna kunne. Duka biyun wuta kaɗan suke ci, don haka ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a kasuwa, ko layi ɗaya daga inbata ko sola, ya wadatar. Ba don kallo kaɗai ba: yawan ɗauke wuta ba zato yana lalata katin ƙwaƙwalwar Pi, wata rana a kawo wuta ya ƙi tashi, kai kuma kana wata duniya. Ga wata dabara ta talaka: tsohuwar wayar Android ma tana iya zama ƙofar fita a Tailscale, kuma da batirinta take tafe. Ba ta kai Pi juriya ba, kuma a riƙa duba batirin kada ya kumbura saboda zama a caji, amma don gwaji babu kamarta. Ko me aka zaɓa, a ajiye shi inda yara ba za su zare caja su sa wayarsu ba, kuma a nuna wa mutum ɗaya a gidan yadda ake kashewa a kunna.

Yanzu dalilin da ya sa na ce sanda. VPN yana canza adireshinka ne kawai, ba ya canza ƙasar da aka saita talabijin a kanta. Samsung ɗin da aka saita a Ingila rumbun manhajojin Ingila za ta nuna maka, kuma mai yiwuwa ka nemi DStv Stream ka rasa ko da bututun yana aiki lafiya lau. Ana iya mayar da talabijin sabuwa a canza ƙasa, amma sai manhajojin Ingila su tafi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da sanda kuwa, ka shiga da asusunka na Google na Najeriya, ka bar Samsung da harkarta ta Ingila. Rimot ɗaya na gida, ɗaya na Ingila.

Idan an haɗu amma abu yana wasa da hankali, ga inda nake fara dubawa. Manhaja ta buɗe, hotunan shirye-shirye sun fito, amma da ka danna bidiyo sai ya yi ta juyi: yawanci MTU ne, wato girman ƙunshin da ake turawa. WireGuard yana farawa da 1420, layin waya kuma sau da yawa ba ya ɗaukar haka, sai a sauke zuwa 1280. Idan manhaja ta ce har yanzu kana Ingila, duba IPv6, sabon tsarin adireshi, wataƙila yana zagayawa ta bayan bututu, a kashe shi a sandar ko a ƙara ::/0 a layin AllowedIPs. Idan kuma ka bi hanyar ƙaramar rauta, ka sani GL.iNet da 192.168.8.1 take zuwa, lambar da rautocin Huawei na 4G ke amfani da ita. Idan ta gidanku irin wannan ce, gida biyu sun zama masu lamba ɗaya, sai ka canza taka zuwa wani abu kamar 192.168.77.1. Wanda kuma ke son kallon finafinan da ya tara a kwamfutar gida, talabijin ba za ta gano ta da kanta ba yadda take yi a falo, domin wannan kiran neman juna ba ya ƙetare bututu. Sai a sa manhajar Plex ko Jellyfin a rubuta adireshin da hannu.

Wani tsohon nau'in VPN da za ka iya gani a saitin rauta shi ne PPTP. Kada sauƙinsa ya ja ku. An karya tsaronsa tun 2012, Apple ma ta cire shi daga wayoyinta a 2016. Fayil ɗin WireGuard kuma makullin gidanku ne, duk wanda ya samu ya shiga. Kada a jefa shi a guruf ɗin WhatsApp na dangi, kuma kowace na'ura a yi mata nata.

Akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba. Kamfanonin nan ƙasa-ƙasa suke sayen haƙƙin nunawa. Shi ya sa wasannin Firimiya na ƙarfe uku na ranar Asabar ba a nuna su kai tsaye a Ingila, alhali mai SuperSport a Kaduna yana kallo, kuma ina zargin wannan na cikin abin da ya taso da tambayarka. VPN na gida ya fi na kasuwa wuyar ganewa, tunda adireshin gidan mutane ne na gaske, amma wuyar ganewa ba izini ba ne. Kallo daga wajen yankin da aka sayar maka yana iya saɓa sharuɗɗan da ka amince da su, kuma suna da ikon rufe asusu. Ka karanta, ka yanke wa kanka. Masu karatu da ke wasu ƙasashe kuma su lura da dokar inda suke: a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa amfani da VPN don aikata abin da doka ta hana laifi ne mai tara mai nauyi, a Masar da Sin da Iran kuwa sau da yawa layin ne da kansa ke shaƙe WireGuard da OpenVPN, ɗalibanmu na Alƙahira sun san wannan. Idan kuma shirye-shiryen Hausa ne kawai mutum ke nema, ya fara duba YouTube da manhajojin tashoshin kansu, galibi babu wani shinge a kansu.

Kafin ka kashe ko fam ɗaya, ƙanenka ya sa Tailscale a Pi ɗin da ke gida, kai ka sa a wayarka, ka zaɓi ƙofar Kaduna, ka kalli wasa ɗaya cikakke a waya ranar Asabar. Ya duba ma'aunin data kafin a fara da bayan an tashi, ya kuma auna saurin turawa da ƙarfe tara na dare kwana uku a jere. Idan wayar ta kai ƙarshen wasa ba ta tsaya ba, je ka sayi sandar. Idan ta yi ta tsayawa, kuɗin sandar a tara su a kan canza layin gidan, ka turo mini lambar WAN IP da sakamakon awon mu ga wanne ya dace da unguwarku.